Ban Tuna Mahaifinsa Ba

Sallama gare ku 'yan uwa masu bibiyar labarina. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn nan da ta rubuto cewa ni dai an yi min gata, na samu mutumin kirki ina ta yanga. 'Yar uwa, ban ji haushinki ba. Ki gyara zama ki karanta na yau, in kin gama sai ki sake rubuto min.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, shekarata ashirin da tara, aikina kula da numfashin marasa lafiya a asibiti. Ni ba likita ba ce, ba kuma nas ba. Mama ta gaji da bayani, duk wanda ya tambaye ta sai ta ce, "Tana wajen masu injin nan." Mu ne ke kan injin numfashi a ɗakin da ake kwantar da waɗanda huhunsu ya gaza. Mu muke saita injin, mu zuƙe kakin da ya toshe bututu, mu lallaɓa mutum har ya koma shan iska da kansa. In kuma rai ya yi halinsa, likita ya duba ya tabbatar ya wuce, mu ake bari da kashe injin, mu zare bututun, mu goge bakin mamaci kafin dangi su shigo.

Da na fara aikin nan shekara shida da suka wuce, mu bakwai ne a sashen. Yau mu uku ne, gadaje kuma sun tashi daga takwas zuwa goma sha biyu. Biyu sun fita waje, ɗaya ta yi aure ta ce a kai kasuwa, ɗaya ya buɗe shagon sayar da waya, kwanaki na gan shi har tumbi ya ajiye. Mu da muka rage a tsaye muke cin abinci. Takunkumi ya yi min tabo a karan hanci, sai na ninka hoda kafin ya ɓoyu. A gida in butar lantarki ta yi ƙara, zabura nake ina laluben maɓalli. Watan jiya manyan asibitin suka ce wai sun damu da walwalarmu, aka raba mana takarda mai hoton fuskoki biyar, daga mai dariya zuwa mai kuka, kowa ya zagaye wadda ta yi kama da shi. Aka kuma buɗe mana ɗakin hutu mai kujera ɗaya da furen roba. Mukullin yana aljihun oga, oga kuwa ƙarfe biyu yake tashi.

Duk wannan ba shi ya fi ba ni tsoro ba. Bara ƙanwar Mama ta rasu, wadda ta goye ni a bayanta. Mata suna ta kuka, ni ina tsaye ina tunanin ko na cire wayata daga caji. Na matse ido, na sake matsewa, ko ɗigo. Tun ranar na san wani abu ya ƙafe a cikina, ban dai faɗa wa kowa ba.

To, mu zo kan mutumina. Ƙanwata Auta ce ta laƙa masa suna Mai Firji, don gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki yake yi, sunan kuwa ya bi shi, har Abba haka yake kiransa in ba ya wurin. Dogo ne, mai ɗan saje, marar hayaniya, yatsunsa kullum da ƙananan yanka na ƙarfe. Shekara biyu da suka wuce mahaifinsa ya kwana tara a sashenmu, a gado na huɗu, a nan ya cika. Bayan wata uku sai ga shi da katan ɗin ruwa da na lemo, wai ya zo godiya, yana neman "wadda ta yi min magana a baranda." Aka nuna masa ni. Daga nan abin ya faro.

Ya ba ni labarin ranar ya fi a ƙirga. Yakan ce, "Ji na yi kamar in bi shi. Sai kika fito, kika cire takunkumi, kika zauna kusa da ni a benci, kika ce: bai sha wahala ba, yana jin muryarka har ƙarshe, don kunne ne ke ƙarshen rufewa. Ka yi masa duk abin da ɗa zai yi wa uba, sauran na Allah ne." In yana faɗa, idonsa har ƙyalli yake. Ummansa da yayyensa mata sun san ni da wannan maganar tun kafin su ga fuskata.

Ga abin da ban taɓa gaya masa ba. Maganar ba tawa ba ce. Anti ce ta koya min, babbarmu a sashen, tun satina na farko, ranar da ta same ni a banɗaki ina kuka kamar raina zai fita. Ta ce, "Haddace wannan. Ki cire takunkumi, ki zauna, kar ki faɗa a tsaye. Minti uku ya isa, gado na gaba na jiranki." Na faɗi maganar nan ya fi sau ɗari uku. Kalmomin ɗa da uba kawai nake canzawa zuwa mata ko uwa. Kuma wallahi ban tuna mahaifinsa ba. Ban tuna ranar ba. Shi kansa ban tuna shi a kan bencin ba. Duk sanda ya ɗauko zancen sai in sunkuyar da kai, shi kuma ya ɗauka kunya ce.

Za ku ce me ya hana ni faɗa masa tun farko. Sonsa nake, shi ya hana ni. Shi kaɗai ne in ya zo ɗaukata ba ya tambayata me ya sa na yi shiru. Rage rediyo yake ya bar ni in yi barci a mota, wani lokacin mu isa ƙofar gida ya kashe mota ya zauna rabin awa yana jira in farka da kaina. Ku gaya min, wa zai ce wa irin wannan mutumin ba na tuna ranar da ka fara sona?

Ranar Asabar ɗin nan aka tsayar manyansa za su zo wajen Abba. Sati biyu ke nan gidanmu ba a zauna ba. Mama ta sauke tsofaffin labule ta rataya sababbi ruwan zuma masu geza, ta sa an wanke kafet, ta fito da kofunan gilashin nan na cikin kabad da ko Abba ba a ba shi ruwa a ciki. Ranar Laraba da safe ina ɗaura igiyar takalmi sai ga Auta da ɗinkina a hannu, doguwar riga ruwan toka mai aikin zare ruwan azurfa a wuya da bakin hannu.

"Yaya, ki gwada mana, ko minti biyu."

"Na makara."

"Kullum kin makara. Ke ranar ɗaurin auren ma sai kin ce a jira ki zuƙe kaki."

Mama ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Ƙyale ta. Ni dai Allah Ya kai mu Asabar in huta da bakin mutane. Ke, saurare ni nan. Wannan karon kar ki kuskura ki zo min da wani zance. Ga ƙanwarki ta zama budurwa tana jira ki matsa. Yaron nan ya yi haƙuri da ke, in ba shi ba wa zai ɗauki macen da ana hira tana gyangyaɗi?"

Na ce to, na fice.

Wajen ƙarfe sha ɗaya saƙon Mai Firji ya shigo. "Ranki ya daɗe, kin karya kuwa?"

"Na sha shayi."

"Shayi ba abinci ba ne. Ina da aiki kusa da ku, zan miƙo miki da rana."

Na tura masa hoton zuciya, na jefa wayar a aljihu, na manta da ita da shi baki ɗaya. Ranar mu biyu ne a kan gado goma sha biyu, kuma wunin jiya ma ni na yi shi. Ƙarfe ɗaya da wani abu dattijon gado na tara ya cika. Na kashe injin, na zare bututu, na goge masa baki, na gyara masa zani. Ɗansa yana baranda, wani magidanci da rigar aiki duk ɗigon fenti. Na fita, na cire takunkumi, na zauna kusa da shi a benci.

"Bai sha wahala ba," na ce. "Yana jin muryarka har ƙarshe, don kunne ne ke ƙarshen rufewa. Ka yi masa duk abin da ɗa zai yi wa uba, sauran na Allah ne."

Bawan Allah ya kife kai a gwiwa yana kuka. Na saci kallon agogo, na miƙe, na ce wa nas ɗin da ke wucewa, "Tara ya fita, a shirya gadon, akwai mai jira a ƙasa." Ina juyowa na ga Mai Firji. Yana tsaye jikin bango kusa da tukunyar kashe gobara, da kular abinci a cikin leda, bai fi taku biyar daga bencin ba.

Ya miƙo min ledar ya ce, "Ki ci da zafinsa." Ya kalli mai fentin nan, kallo mai tsawo, sannan ya juya ya sauka.

Na tura masa, "Ka isa lafiya?" Alama ta nuna ya karanta. Na tura, "Don Allah ka yi magana." Ya karanta. Abincin yana kan tebur har na tashi, ban ko buɗe ba. Sai bayan la'asar, na dawo gida ko wanka ban yi ba, saƙo ya shigo: "Ina ƙofar gida."

Na zari mayafin Mama na yafa a kan rigar barcin da na zura, na fita da silifas ɗin Auta. Ita kuwa tana leƙe ta taga tana min gwalo. Na shiga motar. Rediyo a kashe, hannuwansa biyu a kan sitiyari kamar mai shirin tafiya.

"Sau nawa kika faɗa?"

"Me fa?"

"Don Allah kar ki yi min haka."

Na ce, "Ban ƙirga ba."

"Har zaman bencin? Har cire takunkumin?"

"Haka aka koya mana."

Ya yi wata dariya da ta fi kuka ciwo. "Ba komai. Na yi tunani a hanya, na ce ai aiki ne, dole mutum ya samu abin faɗa. Ni ma in injin firjin mutum ya ƙone akwai yadda nake gaya masa. Na yarda. Amma ki faɗa min abu ɗaya game da Baba. Ɗaya tak. Kwana tara kina kansa."

Jama'a, ina iya yin ƙarya. Hoton tsohon ne a fuskar wayarsa, na san farin gemunsa, na san giɓin haƙorinsa. In na ce yakan matse min hannu in na zo, shi ke nan, magana ta mutu. Na buɗe baki, harshena ya ƙi.

"Ban tuna shi ba."

"Ni fa?"

"Kai ma."

Ya jinjina kai sau uku, a hankali. Wani mai keke ya wuce, ya bi shi da kallo har ya sha kwana. Da ya sake magana muryarsa ta dushe.

"Shekara biyu ke nan, in abin ya taso min sai in ce ai ta ce bai sha wahala ba, sai in samu sauƙi. Da maganar nan na rarrashi Umma. Ba a bar ni na shiga ba sai dab da ƙarshe, ban ga komai da idona ba, ke na gani. Yanzu ki gaya min, gaskiya ce, ko ita ma tana cikin haddar?"

"Ban sani ba."

"To ki sano min. Ai kuna rubutawa. Ki je ki duba. Ba zan iya turo kowa wajen Abba da wannan abin a ƙirjina ba."

Na shiga gida Mama na tambaya lafiya, na ce lafiya, na wuce ɗaki na rufe ƙofa.

Washegari na tare Anti a ɗakin da muke wanke kayan aiki, na zayyana mata komai. Ta ci gaba da ɗauraye bututu har na kai aya, sannan ta ja tsaki.

"Shi kuma me ya kawo shi baranda da kula? Kar ki duba komai. Ki kira shi ki ce kin duba, lafiya lau ya tafi. Wa zai ƙaryata ki? Aurenki fa jibi za a yi maganarsa, ƙanwata."

"Anti, ke kina tuna su?"

Ta kashe famfo. "Na farko nake tunawa, da na jiya. Na jiyan ma zuwa gobe ya tafi. Da ina tuna su duka, da tuni kin gan ni a bakin titi ina tsince-tsince." Sai ta zaro biro daga aljihu ta sa min hannu a takardar neman fayil. "Taurin kai gare ki kamar ni. Je ki, zan riƙe miki gadajen, amma minti ashirin."

Ɗakin ajiyar fayil yana can ƙasa, bayan wajen wanki. Dattijon da ke kula da shi ya ɗauki lokaci yana hawa tsani yana sauka, kafin ya dire min wani koren fayil mai kauri ɗaure da zare. Na tsaya jikin kanta na buɗe shafin ƙarshe. Rubutuna ne. Na san yadda nake karkatar da bakwai ɗina.

Ƙarfe biyu da minti biyar, maganin da ke sa shi barci ya ƙare, ya farka yana kokawa da injin. An kira likita, yana ɗakin tiyata. Biyu da ashirin, yana fizge-fizge, an cire shi daga injin, ana matsa masa jakar iska da hannu. An sake kira. Biyu da arba'in, iskar jininsa na ta sauka, ana ci gaba da matsawa. An kira na uku. Uku da kwata likita ya iso, aka ba da magani, ya lafa. Uku da ashirin an shigo da ɗansa. Uku da rabi ya cika. A ƙasa ga sa hannuna, a gefe kuma na rubuta cewa ni kaɗai ce mai kula da numfashi a sashen a wannan wunin.

Awa ɗaya da minti goma bawan Allahn nan yana neman iska, idonsa biyu, ni ce a kansa, da waɗannan hannuwan nawa nake tura masa numfashi. Na karanta sau uku ina jiran wani abu ya faɗo min, ko fuskarsa, ko ciwon hannun da na san dole na yi. Babu. Kamar labarin wata nake karantawa. Kuma bayan duk wannan na wanke hannu, na fita, na zauna kusa da ɗansa na ce bai sha wahala ba.

Na hau bene na zauna a kan matakala tsakanin hawa na ɗaya da na biyu, inda ba kowa ke bi ba. Na kira shi. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Kin duba?"

"Na duba."

"Ina jinki."

Maganar Anti tana kunnena, fuskar Mama tana idona, ga rigar nan ruwan toka da ko gwadawa ban yi ba. Na ce, "Ya sha wahala. Awa ɗaya da minti goma kafin a shigo da kai. Magani ne ya ƙare, likita kuma yana tiyata. Sanda ka shigo ya riga ya samu sauƙi, wannan gaskiya ne. Amma kafin nan ya sha wahala."

Ina jin ƙarar wani injin a shagonsa, sai aka kashe shi.

"Wa ke wurinsa?"

"Ni. Haka takardar ta ce."

"Duk awar?"

"Duk awar."

"Ba ki bar shi shi kaɗai ba?"

"Ba a rubuta na bar shi ba."

"Ya neme ni?"

"Da bututu a bakinsa, ba ya iya magana."

Sai na ji wani sauti da ban taɓa ji daga bakinsa ba, kukan babban mutum da ke ƙoƙarin danne shi. Ni kuma abin da ya ƙi zuwa ranar rasuwar ƙanwar Mama, a nan ya zo, a kan matakala, da safar hannu a aljihuna. Na yi kuka har da majina, na yi wa tsohon da ban tuna ba, na yi wa ɗansa, na yi wa kaina. Na ce masa ya yafe min, na ce ban yi don in cuce shi ba, na ce na gaji, wallahi na gaji. Ban san ko ya ji ba.

Can ya ce, "Ban san me zan gaya wa Umma ba." Ya ja numfashi. "Na gode da kika faɗa. Zan kira ki."

Na wanke fuska a famfon baranda, na mayar da takunkumi, na koma wajen gadajena, don minti ashirin ɗin Anti sun daɗe da cika.

Yau Juma'a, ba ni da aiki. Da hantsi ina zaune bakin gado da waya a hannu sai Mama ta turo ƙofa, ɗankwali a karkace, tsintsiya a hannu, baki har kunne.

"Ke, mutum nawa ya ce za su zo? Zan aika a aro kujeru, na falon ba za su isa ba."

Na ce, "Mama, ban sani ba ko za su zo."

Murmushin ya ɗauke. "Me kika yi masa?"

"Gaskiya na faɗa masa."

Ta daɗe tana kallona, ta kalli idanuna da suka kumbura, ta kalli rigar da ke rataye jikin ƙofar kabad a cikin ledarta. Na jira faɗa, faɗan bai zo ba. Ta jawo ƙofar a hankali ta fita.

Har yanzu da nake rubuta muku bai kira ba. Mama ba ta aika a aro kujerun ba, ba ta kuma ce an fasa ba. Gobe Asabar.